Kwalba Ɗaya

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun safe kuna cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wayar ce ta ƙi ɗaukar caji. Wadda kuma ta ce in Uzairu ya sake ba ta haushi za ta daina karantawa, to 'yar'uwa ki nemi wuri ki zauna, yau ma bai gyaru ba.

Inda muka tsaya, Mubaraka 'yar Badafi ta haihu a asibiti, haihuwar fari, ciki bai isa ba. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, cinyarta ba ta fi babban yatsa ba. Kwalba ɗaya ce ke aiki a asibitin gaba ɗaya, wato akwatin gilashin nan da ake saka jaririn da bai isa haihuwa ba don ya sami ɗumi da iska. Yau da hantsi aka fitar da wanda ke ciki, ana kan wanke ta. Jarirai biyu ke jira: 'yar Mubaraka da ɗan wata Bushira daga Dangora.

Bayan azahar Dakta Zulaihat ta shigo ɗakin masu jego, ta ja labule ta zagaye gadon Mubaraka.

"Gwaggo, ki ɗan ba mu wuri."

Gwaggo Hajara ko motsi ba ta yi ba. Ita ta riƙe Mubaraka tun rasuwar uwarta, kuma ba ta saba a ce mata tashi ba.

"Duk abin da za ki faɗa mata, 'yar nan, faɗa a gabana. Ba ta da abin da ban sani ba."

"To shi ke nan. Ɗazu da aka tambayi watannin cikin, ke kika amsa. Kin ce wata shida bai cika ba."

"Ƙwarai kuwa. Bayan ƙaramar salla ta tare a Ba'awa, duk Badafi shaida ne. Ki ƙirga da kanki."

"Ni ba tarewa nake ƙirgawa ba, Gwaggo."

Mubaraka ta juya fuska ta kalli bango.

Likitar ta jawo kujera ta zauna, ta rage murya.

"Bari in yi muku bayani yadda za ku gane. Ƙa'idarmu a nan, jaririn da bai kai wata bakwai ba, ba ma saka shi a kwalba matuƙar akwai wanda ya kai yana jira. Ba don ran wani ya fi na wani ba. Na wata shida huhunsa bai nuna ba, kayan da za su riƙe shi sai Kano, kuma hanyar Kano kaɗai ta isa ta gama da shi. In muka saka shi muka bar ɗayan, sau da yawa biyun muke rasawa. Shi ya sa na ce ɗan Bushira za a saka."

"Ai mun ji, mun kuma miƙa wa Allah," in ji Gwaggo.

"Ni ce ban natsu ba. Na koma na sake duba yarinyar. Tafin ƙafarta ya fara zane. Kunnenta in na lanƙwasa yana komawa. Idonta a buɗe yake. Nauyinta ne kawai na wata shida. Jikinta yana gaya min abu ɗaya, ku kuna gaya min wani. Ba katin awo, ba hoton ciki, ba ni da abin da zan kafa hujja da shi sai bakin mai cikin."

"Kunyar cikin fari ce ta hana ta awo. Haka muka gada."

Likitar ba ta kalli Gwaggo ba. Ta dafa ƙafar Mubaraka.

"Mubaraka, yaushe rabonki da ganin al'ada? Kafin azumi ko bayan salla?"

"Haba likita," Gwaggo ta katse ta. "Wannan wace irin tambaya ce a gaban uwa?"

"Tambayar da za ta raba mana gardama ce. In bayan salla ne, kwalba ta ɗan Bushira ce. In kafin azumi ne, yarinyar nan bakwaini ce, kuma ta fi shi buƙata nesa ba kusa ba, don numfashinta yana ɗaukewa yana dawowa. Ba zan matsa miki ba. Amma da zarar an gama wanke kwalbar, ɗaya za a saka."

Ta miƙe ta fita.

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, bari in tuna muku inda gizo ke saƙa. An ɗaura auren Mubaraka da Uzairu gab da azumi, aka ce tarewa sai bayan salla. A wajensu ango ba ya taka gidan amarya tsakanin ɗaurin aure da tarewa. A shari'a matarsa ce, babu mai musu, amma a al'ada abin kunya ne da ake yi wa gida gori da shi har jikoki. Malam Hayatu, mahaifin Uzairu, malami ne mai zauren karatu a Ba'awa, kuma da bakinsa ya yi wa Gwaggo alkawarin ɗansa ba zai karya wannan ba. Sai ga shi ranar da Gwaggo ta tafi ta'aziyya Tudun Wada, Uzairu ya jingine babur a bayan katanga ya shiga. Wata maƙwabciya ta ga babur ɗin, magana ta isa Ba'awa. Malam ya kira ɗansa gaban ɗalibai ya ajiye masa Alƙur'ani, shi kuma gogan naku ya dafa ya rantse bai je ba. Gwaggo ta gano cikin tun kafin salla. Ita ta koya wa Mubaraka ɗaure ciki da zani, ita ta hana ta awo, ita kuma yau ta rage wata guda da 'yan kai a lissafi.

Labule na rufuwa Gwaggo ta sunkuyo har numfashinta yana taɓa kunnen Mubaraka.

"Kin ji ni da kyau. Kika buɗe baki, kin tona min asiri, kin tona wa kabarin uwarki. Za a ce a ɗakina aka yi, ina gadi."

"Gwaggo, ai mijina ne."

"Mijinki ne da ya rantse bai je ba. In kin ce bakwai, shi ya ce bai je ba, cikin na wa ke nan? Kin yi wannan lissafin?"

Mubaraka ta riga ta yi lissafin, tun ba yau ba.

"Ki kira min shi," ta ce.

"Ya shigo ɗakin jego, surukinki na zaune a baranda?"

"Ki kira min shi, Gwaggo, ko in tashi in je da kaina."

Gwaggo ta dube ta. Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin yarinyar ba. Ta ja mayafi ta fita tana ƙunƙuni.

Uzairu ya shigo kansa a ƙasa, yana rakuɓe-rakuɓe don kada idonsa ya faɗa kan matan mutane. Da wata baƙar leda a hannunsa. Ya tsaya daga ƙafar gado.

"Sannu. Ya jikin?"

"Yaya, likita ta tambaye ni watan."

Ya ɗago da sauri.

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba tukuna. Jira nake in ji daga bakinka."

"Mubaraka, ki rufa min asiri. Na dafa Alƙur'ani. A gaban Baba, a gaban ɗalibansa. Ni nake jan salla in ba ya nan. Kin san abin da ake cewa da wanda ya rantse a kan ƙarya?"

"Na sani. Ka san abin da ake cewa da matar da ta tare da cikin da mijinta ya ce ba nasa ba?"

"Ai ba sai an kai nan ba. Ki bar shi a yadda Gwaggo ta faɗa. Wanda ya halicce ta shi zai raya ta, da kwalba ko babu. Bakwaini nawa aka raya a ƙauye cikin auduga, da garwashi a ɗaki? Kakata ma an ce bakwaini ce."

"Ka yarda bakwaini ce ke nan."



Wallahi ina rubutawa raina yana ɓaci. Namiji har namiji, gemu ya cika fuska, amma ya tsaya yana wa mai ɗanyen jego lissafin auduga.

"Ka je ka gan ta?" ta tambaye shi.

"Na leƙa."

"Ba leƙe na ce ba. Ka tsaya ka kalle ta? Ƙirjinta yana shiga ciki in za ta ja numfashi. Nas tana tsaye a kanta tana murza mata tafin ƙafa duk lokacin da ta manta ta shaƙa. 'Yata ce, Yaya."

Gwaggo daga bayan labule ta ce, "Ji rashin kunya. 'Yar fari ake cewa 'yata?"

Mubaraka ba ta ko waiwaya ba. Idonta ya sauka kan ledar.

"Mene ne a nan?"

"Ba komai."

"Miƙo."

"Saƙon Baba ne."

Ta miƙa hannu ta fizge. Ƙarfin da ta samu ni ma ban san daga ina ba. Ledar ta yage, abin ciki ya zubo kan gado. Farin yadi ne, sabo, ɗan guntu, ko ɗankwali bai kai ba.

Ta daɗe tana kallon yadin.

"Baba ne ya ce in sayo a ajiye," Uzairu ya ce a hankali. "Tunda likita ta ce wata shida... ya ce kada abu ya faru a rasa. Ba fata ba ne."

"Ka je kasuwa da ƙafarka. Ka sa aka yanka. Ka faɗa wa mai yadin tsawonta."

"Mubaraka..."

"Kana sane da watanta ka sa aka yanka."

"Muna da ƙuruciya. In Allah ya karɓi wannan, zai ba mu wani, a lokacin da ba mai cewa komai."

Ta ninke yadin sau biyu, ta miƙa masa.

"Riƙe kayanka. Nas, don Allah ki kira min likita."

"Kada ki yi min haka."

"Kai ka yi wa kanka tun ranar da ka jingine babur."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ji takun likita. Ya cusa yadin a aljihu ya fice ta gefen labule.

Dakta Zulaihat ta shigo. Gwaggo ta biyo ta ta tsaya a kan Mubaraka, ta zuba mata ido irin na gargaɗi.

"Kafin azumi ne, likita. Tun watan Sha'aban rabona da ita. Duk azumin nan ban sha ko ɗaya ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Likitar ta gyaɗa kai.

"Ya dace da abin da na gani. Za a saka ta yanzu. Kuma ki kwantar da hankalinki, abin da kika faɗa min tsakanina da ke ne. Ba wanda zai ji daga bakina."

Da gaskiyarta ta faɗa, ba na zarginta. Abin da ta manta shi ne kwalbar nan an riga an yi wa wani alkawarinta.

Gadon Bushira yana fuskantar na Mubaraka. Mace ce da ta manyanta, wannan ce haihuwarta ta biyar, uku a ciki ta binne. Likitar ta je ta tsuguna a gabanta.

"Bushira, an sami canji. Ɗanki ba za a saka shi a kwalba ba. Za mu ɗaura miki shi a ƙirji, fata da fata, a rufe ku da zani. Ɗumin jikinki zai riƙe shi. Yana haɗiyar nono a cokali, numfashinsa ya daidaita. Waccan ba ta kai nan ba."

"Ɗazu kin ce nawa ne za a saka."

"Na faɗa."

"Kin ce waccan ba ta isa ba."

"Na sake dubawa."

Bushira ta kalli labulen Mubaraka, ta dawo da ido kan likita. Labule ba bango ba ne, ta ji komai.

"In ya mutu a ƙirjina fa?"

"Zan riƙa zagayo ku. Amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Bushira ta kwance ɗaurin ƙirjinta ta miƙa hannu biyu aka ɗora mata ɗanta. Hawaye yana zuba, amma ba ta furta ko kalma ɗaya daga abin da ta ji ba, Allah ya saka mata.

Mijinta Lado ne bai da wannan haƙurin. Manomi ne, ya baro gonar masara ba a gama girbi ba, yana zaune a baranda tun safe a tabarma ɗaya da Malam Hayatu. Da nas ta fita ta gaya masa an canza, ya miƙe tsaye. Tagar ɗakin jegon a buɗe take, barandar kuma a jikinta take, duk abin da aka faɗa a waje yana shigowa.

"A kira min likitar. Ni ba da ke zan yi ba."

Dakta Zulaihat ta fita.

"Likita, da kunnena na ji kin ce wa bawan Allahn nan jikarsa ba ta kai wata shida ba, ba ta cancanci kwalba ba. Har ta'aziyya na kusa yi masa. Yanzu kuma an ce ita za a saka?"

"Malam Lado, mu je ofis in yi maka bayani."

"Ba inda za ni. Ke kika ce ƙa'ida sai wata bakwai. Daga hantsi zuwa azahar ta ƙara wata guda? Ko don su malamai ne mu talakawa?"

"Ba haka ba ne."

"To ta kai bakwai ko ba ta kai ba? In ba ta kai ba, a saka ɗana. In ta kai, ki faɗa kowa ya ji, in haƙura."

Ku gaya min, me za ta ce? In ta yi shiru, ta zama mai son kai a idon mutumin da ya binne 'ya'ya uku. In ta amsa, ta karya alkawarin da ta yi yanzun nan.

"Ban karya ƙa'ida ba," ta ce. "Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Ai kuwa ya isa. Mutanen baranda ba yara ba ne.

A ciki, Gwaggo ta daina kuka ta kasa kunne. Mubaraka ta dafa ƙarfen gado ta miƙe zaune, ta matsa jikin tagar. Tana hango bayan rawanin surukinta, da carbinsa da ya tsaya cak a hannu.

Malam Hayatu bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗagawa ba, shi ya sa ake tsoronsa.

"Malam Lado, zauna. An ba ka amsa." Ya ɗan juya. "Uzairu."

"Na'am, Baba."

"Zo nan."

Uzairu ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, gefen farin yadin yana leƙowa daga aljihunsa.

"Yaushe iyalinka ta tare?"

"Bayan ƙaramar salla."

"Wata nawa ke nan?"

"Shida... bai cika ba."

"Likita ta ce ba ta karya ƙa'ida ba. Ka gane abin da hakan ke nufi, ko in fassara maka?"

Zufa tana ɗiga daga gemun Uzairu.

"To saurara, don kada ka ce ban buɗe maka ƙofa ba. In ka je gidansu bayan ɗaurin aure, matarka ka je wa. Yarinyar nan 'yarka ce, jikata ce, ranar suna ni zan yi mata huɗuba. Abin da zai rage shi ne rantsuwar da ka yi a zaurena, wannan kuma za ka koma zauren ka warware ta a gaban waɗanda ka yi ta a gabansu, ka tuba, ka sauka daga jan salla. In kuwa ba ka je ba, to rantsuwarka tana nan, kuma abin da ke cikin ɗakin can ba na gidana ba ne. Ɗaya za ka ɗauka."

Ta ƙofar da ke tsakanin ɗakin jego da na jarirai Mubaraka ta ga nas ta ɗauko 'yar a tafin hannu biyu, ta kwantar da ita a kwalba, ta gyara mata robar iska a hanci, ta rufe murfin. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

Ta dawo da fuskarta jikin taga.

"Yaya," ta ce, ba da ƙarfi ba. Amma ya ji. Duk baranda an ji.

Bai ɗago ba.

"Ina sauraronka," in ji Malam Hayatu. "Ka je ko ba ka je ba?"



"Ban je ba, Baba."